Tallafin Gwamnati Da Neman Na Kai: Jawabi Ga Taron 'Yan Ƙungiya A Masaka

 

Abin da aka ɗora wa kwamitinmu ya yi bayani a kansa yau tambaya ce da ke yawan tasowa a tsakaninmu. Shin wanda yake karɓar tallafin gwamnati saboda talauci, idan ya kama sana'a, ya dace a ci gaba da taimaka masa, ko kuwa a cire sunansa a sa wani? Amsarmu ita ce a ci gaba da taimaka masa na wani lokaci sananne, har sana'ar ta tsaya da ƙafafunta. Za mu kawo dalilanmu, sannan mu nuna inda maganar ta shafe mu a matsayinmu na waɗanda ake kira baƙi.

Da farko, mu tuna yadda aka yi muka taru a nan. Masaka tana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, amma abincin yawancinmu a Abuja yake. Wasunmu cin rani ya kawo su suka zauna, wasu kuma rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, shi ya koro su. Da aka hana acaɓa a tsakiyar birnin a 2006, wasu suka ƙara kwararowa Mararaba da Ado da nan Masaka. Kowanenmu ya san yadda ake fara sana'a daga tushe, ko shayi, ko tireda, ko ɗinki, ko ga-ruwa, ko suyar ƙosai da awara, kuma ya san cewa ba rashin ciniki ne ke kashe ƙaramar sana'a a watannin farko ba. Cefane ne ke kashe ta.

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A ɗauki misalin mace mai marayu da ta sami kuɗin wake da mai da kasko. Kafin unguwa ta san ta, sai ta yi makonni tana suya ba riba. A cikin waɗannan makonni yara za su ci, mai gida zai nemi kuɗin haya, zazzaɓi ba ya sallama. Idan akwai ɗan abin da ke shigowa duk wata, ribar da ta fara samu za ta koma cikin jari. Idan aka yanke shi ranar da ta ɗora kasko, to cikin uwar kuɗin za ta sa hannu, bayan wata biyu a ce ta cinye jari, alhali yunwa ce ta cinye shi.

Ƙasar nan ta gwada hanyoyi da dama, kuma akwai darasi a cikinsu. Gwamnatin Obasanjo ta kafa NAPEP a 2001, wadda har yau sunanta ke kan keken da muke hawa. A 2007 hukumar ta fito da shirin COPE, inda ake ba gida kuɗin wata da bai wuce Naira 5,000 ba har shekara guda, ana kuma ajiye masa Naira 7,000 duk wata, a ƙarshe a damƙa masa Naira 84,000 ya ja jari. Tunanin yana da kyau, amma lokacin da jarin ya zo, lokacin ne kuɗin watan ya ƙare. An ba mutum guga, an ɗauke masa ruwan sha.

Gwamnatin Buhari kuma ta fara ba gidaje matalauta Naira 5,000 a wata daga 2016, har aka zuba dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido a cikin shirin. A 2018 aka kawo TraderMoni, bashin Naira 10,000 ba jingina ga ƙananan 'yan kasuwa ta hannun Bankin Masana'antu. Sai dai hanyoyin biyu ba su cika haɗuwa a kan mutum ɗaya ba: wani ya sami kuɗin abinci ba jari, wani ya sami jari ba kuɗin abinci. Bayan an janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, gwamnatin Tinubu ta sanar da Naira 25,000 a wata har wata 3 ga gidaje miliyan 15. Wannan agajin gaggawa ne, wata 3 ba sa raya sana'a.

Ba mu kaɗai ne muka yi wannan muhawara ba. A Ingila, a 1983, gwamnatin Thatcher, wadda ba a san ta da sakin hannu ba, ta riƙa ba marasa aikin yi fam 40 duk mako har shekara guda idan sun buɗe sana'ar kansu, domin ta lura cewa tsoron rasa alawus ne ke hana mutane gwadawa. A Bangaladash, ƙungiyar BRAC ta fara wani tsari a 2002 na ba mata matalauta dabba ko kayan sana'a, haɗe da kuɗin abinci da horo, don kada yunwa ta sa su sayar da abin da aka ba su. Mafi kusa da mu ita ce Jamhuriyar Nijar, inda aka ba matan karkara jaka 10 na sefa duk wata, sannan aka haɗa su ƙungiyoyin asusu, aka koya musu dabarun kasuwanci, wasunsu aka ƙara musu jaka 80 a dunƙule. Binciken da aka wallafa a mujallar Nature a 2022 ya nuna cewa cinikinsu da abincin gidajensu sun ƙaru. 'Yan uwanmu ne na Maraɗi da Damagaram da Tawa, rayuwarsu ba ta da nisa da tamu.

Masu ganin a cire sunan wanda ya kama sana'a suna da hujja, ba kuma za mu raina ta ba. Suna cewa kuɗin kaɗan ne, mabuƙata suna da yawa, me zai sa mai tireda ya tare wa gurgu da tsohuwa wuri? Suna kuma cewa mutanenmu kan ɗauki bashin gwamnati tamkar rabon ganima. Amsarmu ita ce a sa wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, a riƙa rage kuɗin sannu a hankali, a kuma sanar da mutum tun ranar farko. Wanda ya tsaya da ƙafarsa ya bar layi har abada, ya ba wani wuri. Wanda aka yanke wa da wuri kuwa zai dawo layin, ya kuma koya wa maƙwabta cewa ɓoye sana'a ya fi bayyana ta. Game da bashi, gaskiya ɗaya ce: wanda ya ci bai biya ba, ya rufe wa na bayansa ƙofa.

Yanzu ga inda maganar ta fi shafarmu. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa ko addininsa. Sashe na 15 ya ɗora wa hukuma tabbatar da cikakken haƙƙin mazauni ga kowa a ko'ina, sashe na 16 kuma ya ambaci kula da tsofaffi da marasa aiki da naƙasassu. Waɗannan biyun na ƙarshe suna cikin babi na 2, wanda ba a kai gwamnati kotu a kansa, amma sashe na 41 da na 42 haƙƙoƙi ne da kotu ke sauraro. Saboda haka tallafin da Gwamnatin Tarayya ta ware wa talakan Nijeriya bai kamata a rataya shi a kan takardar shaidar asali ba.

Amma a lura da yadda ake shiga rajistar matalauta ta ƙasa. Jami'ai kan tara mutanen unguwa ne, su faɗi abin da suke kira talauci, su kuma ambaci gidajen da suka fi buƙata. Mu kuwa tun asuba muna kan hanyar Nyanya, sai dare mu dawo. Wanda ba ya wurin ba a ambatonsa. Ya koma garinsu a ce ai shi mutumin Abuja ne, a nan kuma a ce baƙo ne, ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Don haka muna ba da shawarwari kamar haka. Na ɗaya, kowa ya mallaki lambar NIN da asusun banki da sunansa, mata da maza, domin ta nan ake tantancewa da biya. Na biyu, ƙungiya ta rubuta sunayen zawarawa masu marayu da tsofaffi da naƙasassunmu, da sana'ar da kowa zai iya, ta kai wa masu unguwanni da kansila tun kafin a zo rajista. Na uku, kowace unguwa ta sami wakilai biyu, namiji da mace, da za su halarci duk taron da aka kira. Na huɗu, kada kowa ya ba da ko sisi don a sa sunansa, rajista kyauta ce, wanda aka nemi kuɗi a wurinsa ya sanar da kwamiti. Na biyar, mu ƙarfafa adashinmu, mu sa wanda ya fara sana'a ya yi ɗaukar farko.

Haka kuma mu riƙe mutuncin masu masaukinmu, Gbagyi da sauran ƙabilun wannan yanki, da sarakunansu. Talakansu da namu kasuwa ɗaya suke ci, mota ɗaya suke hawa. Idan za mu je ƙaramar hukuma neman a daina yanke wa mai ƙaramar sana'a tallafi, mu tafi tare da su, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

 Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.