AIKIN DA YA RAGE BAYAN TIYATAR RAGE ƘIBA

Jawabin da wani ɗan ƙungiya ya gabatar a babban taronmu na shekara-shekara



Ina miƙa godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni damar tsayawa a gabanku. An ce in yi magana a kan lafiya, alhali kuwa ni ba likita ba ne. Ma'aikacin gwamnati ne ni, abin da na karanto a jami'a kuma tsimi da tanadi ne. Amma dalilin zaɓata ba ɓoyayye ba ne. Yau wata 18 ke nan da aka yi mini tiyatar rage ƙiba, kuma tun daga lokacin duk wanda ya gamu da ni a cikinku sai ya yi mini ɗaya daga cikin maganganu biyu. Wani ya ja ni gefe ya ce, "Lafiya kuwa ka zube haka?" Wani kuma ya ce, "Kai kam ka huta, an gama maka aiki." Ga na farko ina cewa lafiya lau, alhamdu lillahi. Amsar na biyu kuwa ita ce jawabina na yau: likita ya kammala nasa aikin a cikin 'yan awoyi, nawa kuma sai ranar da rai ya yi halinsa.

ƘIBA A MA'AUNIN LIKITA

Jama'a, mu a wurinmu idan mutum ya ajiye teɓa cewa muke yi ya samu, ya murje, hutu ya karɓe shi. Likitoci kuwa suna da wani lissafi da suke kira BMI, wanda ko ɗan aji uku zai iya yi. Mutum zai auna nauyinsa da kilo, ya auna tsawonsa da mita, ya ninka tsawon da kansa, sannan ya raba nauyin da abin da ya samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 25 nauyi ya zarce ƙima, daga 30 kuwa ƙiba ce da ake lissafawa a cikin cututtuka. Tsawona mita 1.72 ne, nauyina kuma kafin tiyata kilo 128, wato sakamakona ya haura 43. Tare da wannan nauyi akwai hawan jini, da ciwon suga, da ciwon gwiwa, da minsharin da ke tsayar da numfashi a cikin barci.

Ba ni kaɗai ba ne. Alƙaluman Hukumar sun nuna cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba, wato sama da mutum biliyan ɗaya. Dalilan kuma a bayyane suke. Akwai gado, domin a wasu gidaje jiki saurin ajiye kitse gare shi. Akwai kuma sauyin rayuwa. Ku tuna yadda muke a wannan makaranta: ƙararrawar asuba, gudun safe, ɗibar ruwa, sharar aji, leba ranar Asabar, sannan a ci gabza a ƙara da garin kwaki, kuma duk da haka ana iya ƙirga haƙarƙarinmu. Yau yawancinmu daga ɗaki sai mota, daga mota sai kujerar ofis daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 4, a wurin kowane mitin kuma ga lemon kwalba ga soyayyen nama. Cikin bai ragu ba, zirga-zirgar ce ta ragu.

YADDA TIYATAR TAKE

Tiyatar rage ƙiba ba sabon abu ba ce. Tun a shekarun 1960 wani likita mai suna Edward Mason ya fara irin wadda ake yi wa abinci ratse, a Jami'ar Iowa ta Amurka. A wannan nau'i ana keɓe ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Nau'i na biyu, wanda shi aka yi mini, shi ne a yanke kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin a cire, a bar siririn sashe mai siffar ayaba. Yawanci ba a farke ciki, ana yin 'yan ƙananan huji ne a zura na'ura mai kyamara. Amfaninta biyu ne. Wurin zuba abinci ya ƙanƙance, sannan sashen da aka cire shi ne ya fi samar da wani sinadari mai tayar da yunwa, girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999.

Ba kowa ake yi wa ba. Ƙa'idar da aka shimfiɗa a Amurka a 1991 ita ce mai BMI 40, ko mai 35 da ke da wata cuta irin ciwon suga. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sassauto da ita zuwa 35, ko 30 ga mai irin waɗannan cututtuka. Kuma tiyata ce sosai, mai haɗarinta: zubar jini, ko yoyo a wurin ɗinki, ko daskarewar jini a jijiya. Daga baya wasu kan yi fama da ƙwannafi, ko tsakuwa a matsarmama, ko zubewar gashi na 'yan watanni. Ga kuma tsada, domin ni kuɗin da na tara na sayen fili ne suka tafi. Akwai kuma allurai na zamani irin su Wegovy, wadda aka amince da ita a Amurka a 2021, amma su ma sai da likita, kuma idan an daina su nauyi kan dawo.

To, shin tana aiki? A ƙasar Suwidin an fara wani bincike a 1987 a kan masu ƙiba kimanin 4,000, rabinsu an yi musu tiyata, rabi ba a yi ba. Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna mace-mace sun fi ƙaranci a cikin waɗanda aka yi wa. Amma akwai wani abu a cikinsa da ya fi tsaya mini a rai. Waɗanda aka yi wa tiyatar ratse sun zubar da kimanin kashi 32 cikin ɗari na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, bayan shekara 10 kuma ragin ya koma kashi 25. Ma'ana, wani sashe na nauyin kan dawo, kuma lokacin da ya fi soma dawowa shi ne daidai inda nake tsaye yanzu. Nauyina a yau kilo 89 ne. An dakatar mini da maganin suga, an rage na hawan jini. Wannan riba ce da za ta iya zubewa, shi ya sa na zauna da likitana da jami'ar kula da abinci muka tsara manufofi shida.

MANUFOFINA

Na farko, abin da ke shiga baki. Bayan tiyata sai da na yi makonni ina bin mataki-mataki: ruwa-ruwa zalla, sannan abin da aka markaɗa, sannan mai laushi, kafin in dawo ga abinci sosai. Yanzu malmalar tuwo guda ta fi ƙarfina. Tunda wurin kaɗan ne, dole a fara cika shi da abin da ke gina jiki, wato furotin, wanda aka ce in samu aƙalla giram 60 a kullum. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, sai ku yi lissafi. Don haka a kan fara ni da kifi, ko kaza, ko wake, ko alale, ko awara, ko kindirmo marar suga, sannan ganye irin zogale da alayyahu da rama, tuwo ko shinkafa su zo a ƙarshe in da sauran wuri. Kowace loma sai na tauna ta sosai, ɗan ƙaramin faranti kan ɗauke ni minti 20 zuwa 30.

Na biyu, abin sha. Ina buƙatar ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi a yini, da kurɓi-kurɓi, kuma ba na haɗa shi da abinci, sai bayan kamar rabin awa. Lemon kwalba kuwa mun yi bankwana. Ƙaramar kwalba ɗaya tana ɗauke da suga kimanin giram 35, kusan cokalin shayi tara. Abin zaƙi mai ruwa shi ne babbar ƙofar da nauyi ke bi ya dawo, domin ba ya tsayawa a tumbi balle a ji ƙoshi. Haka shayi mai kauri, da fura ko zoɓon da aka cika wa suga.

Na uku, magani. Ƙaramin tumbi ba ya iya tatsar wa jiki duk abin da yake buƙata, musamman bitamin B12, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da kalsiyam da bitamin D masu riƙe ƙashi. Saboda haka zan sha ƙwayoyinsu muddin raina, a kuma riƙa gwada jinina aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda ya yi sakaci da wannan yana iya gamuwa da ƙarancin jini ko lalacewar jijiyoyi. An kuma hana ni magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda muke saye a kemis kamar alewa, domin suna iya haddasa gyambon ciki.

Na huɗu, motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi ya yi minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, da kuma kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Ni tafiyar sauri nake yi ta minti 40 bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, kuma ina hawa benen ofis da ƙafa. Ƙarfafa tsokar wajibi ne a gare ni, domin mai ramewa da sauri ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har da nama. Burina kafin taronmu na baɗi shi ne in zagaya filin ƙwallon makarantar nan sau goma ba tare da tsayawa ba. Ina roƙon malaminmu na wasanni, wanda na hango a sahun gaba, ya zo da usur ɗinsa.

Na biyar, awo. Ina hawa sikeli sau ɗaya a mako, in auna hawan jini sau biyu, in rubuta a littafi kamar yadda muke ajiye fayil a ofis. Ina fatan in sauka zuwa kilo 82 in zauna a nan. Idan na ga ƙarin kilo uku, asibiti zan nufa, ba zan jira ya zama goma ba.

Na shida, azumi. A shekarar farko likita ya hana ni saboda haɗarin bushewar jiki, na kuma tuntuɓi malamai suka bayyana mini rangwamen da addini ya yi wa majinyaci. Nan gaba zan yi shi da izinin likita, in buɗe baki da ruwa kaɗan-kaɗan, in rarraba abincin daga magariba zuwa sahur. Ga 'yan'uwa mata kuma akwai ƙarin bayani: likitoci kan ce a jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18 bayan tiyata.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Ranka ya daɗe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gidana uwargida ta rage mai da gishiri da ɗunƙule a tukunyar kowa da kowa, ba tawa kaɗai ba, domin ba na so 'ya'yana su gaji abin da na gada. Gishirin da Hukumar ta yarje wa baligi a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya. Inda na fi shan wuya shi ne gidajenku. Karamcinmu ya ginu a kan "ci mana", "ƙara", "ko raina mana ka yi?" Don Allah idan kuka ga na ajiye cokali bayan loma biyar, ku yi mini uzuri. Ba girman kai ba ne, wuri ne ya ƙare.

Sannan ina gabatar da shawarwari uku. Na ɗaya, tunda muna da likitoci da ma'aikatan jinya a cikinmu, a ajiye teburi a bakin ƙofa a kowane taro, a auna hawan jini da suga da nauyin duk wanda ya shigo, har da malamanmu da suka yi ritaya. Hawan jini ba ya sallama, wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 ko fiye ya nemi likita ko da ba ya jin komai. Na biyu, a walimar taro a rage lemon kwalba, a ƙara ruwa da 'ya'yan itatuwa. Na uku, a ba asibitin makaranta gudummawar sikeli da na'urar awon jini, a kuma gyara filin wasa, domin ƙannenmu da ke aji yanzu su tashi da sanin abin da mu sai da girma ya zo muka sani.

Ban zo in yi wa tiyata talla ba. Ga wanda ƙiba ta riga ta yi wa illa, hanya ce ta halal da ke ceton rai, kuma babu abin kunya a cikinta, ya je ya ga ƙwararren likita. Amma abubuwan da na lissafa, in ban da ƙwayoyin bitamin, duk wanda ke zauren nan zai iya fara su gobe da safe da tumbinsa cikakke, ba tare da ya taɓa kuɗin filinsa ba. Mun tashi ɗazu mun yi wa 'yan'uwanmu da suka riga mu addu'a, wasunsu ko shekara 40 ba su cika ba. Rai na Allah ne, amma jiki amana ne a hannunmu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka rasu, ya ƙara wa na raye lafiya, ya ɗaukaka makarantarmu, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.