Kwana Uku A Yankari Da Iyali

 

Shugaba ne ya ce in tashi in ba da labarin tafiyar da na yi da iyalina zuwa Yankari a ƙarshen watan Disamba na 2024, domin tun da muka dawo mutane ke tare ni a masallaci da kasuwa, wasu suna tambaya, wasu suna zolaya. Wani ma cewa ya yi, "Alhaji, wato kuɗi ne suka yi maka yawa har ka bar rumfa ka tafi kallon biri?" To yau zan ba shi amsa a gaban jama'a, sannan in kawo wata shawara.

Jama'a, tun 1916 aka kafa unguwar Sabo a nan Ibadan. Wasunmu nan aka haifi kakanninsu. Amma ku duba, me ke kai mu Arewa da iyali? Abu biyu ne, rasuwa ko biki. Na ukun shi ne saro kaya, shi kuwa mu kaɗai muke zuwa. Yaro za a ɗauko shi a cusa a mota, ya kwana yana gyangyaɗi, a sauke shi a gidan makoki, a ce ya yi shiru, bayan sadakar uku a juyo da shi. Abin da ya sani game da ƙasar iyayensa ke nan, sai kuma abin da yake gani a waya na 'yan bindiga da garkuwa da mutane. Autana, da Yarabancinsa ya fi Hausarsa kaifi, ya taɓa tambayar uwarsa ko Arewa can ne ake zuwa in an yi mutuwa. Wannan magana ita ta tayar da ni. Ita ma uwargidan, shekara ashirin da ɗoriya tana garin nan, daga gida sai asibiti sai gidan suna.

Ga wanda bai sani ba, Yankari gandun namun daji ne a ƙaramar hukumar Alƙaleri ta Jihar Bauci, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956 zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe wa jama'a a 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin Jihar Bauci. Don haka masaukin da ke cikinsa, wanda ake kira Sansanin Wikki, na jiha ne.

Hanya dai doguwa ce, ba zan ɓoye muku ba. Mun bi ta Lakwaja zuwa Abuja, muka hau ta Keffi da Akwanga zuwa Jos, can muka kwana gidan wani ɗan'uwa. Ban yarda mun yi tafiyar dare ba, kuma kowa ya san dalili. Washegari muka gangara Bauci. Daga Bauci sai a ɗauki hanyar Gombe, a Dindima a saki titi a yi kudu zuwa Mainamaji, inda babbar ƙofar shiga take. Nan ake rubuta suna a biya kuɗin shiga. Daga ƙofa zuwa masauki kuma akwai sama da kilomita 40, duk a cikin daji, ba gari ba ƙauye. Yara sun zaci an iso, ashe da saura.

Tun a hanya na samu riba guda. Yaran nan sun karanta sallar ƙasaru a Islamiyya, sun haddace, amma ba su taɓa yin ta da hankalinsu ba. Muka tsaya muka yi Azahar raka'a biyu, na bayyana musu cewa tun da kwana uku muka yi niyyar yi, ba huɗu ba, matafiya muke har mu koma. Babbar 'yata ta ce ashe abin da gaske ake yi.

Masaukin ɗakuna ne daban-daban a warwatse ƙarƙashin itatuwa, daga masu araha har na manya. Mun kama biyu, mata ɗaya maza ɗaya. Akwai wurin cin abinci, amma Hajiya ta taho da dambun nama da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ga burodi da kayan shayi, wannan ya rage mana kashe kuɗi ƙwarai. Sai dai fa akwai masu gida, wato gwaggon biri. Ku da kuke dariya, wallahi ɓarawon tasha bai kai su iya sana'a ba. Suna zaune suna lura da hannun kowa, da sun ga leda sai wuf. Sun fi raina mata da yara. Ma'aikata sun gargaɗe mu tun da fari, a rufe ƙofa da taga, kada a ci abu a waje, kada a ba su komai. Gadu kuma yana yawonsa tsakanin ɗakuna, ya durƙusa a kan gwiwa yana kiwo, bai kula kowa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwan Wikki. Daga masauki ake gangarawa ta matakala zuwa cikin kwari. Ruwan yana ɓulɓulowa ne daga ƙarƙashin wani dutse mai tsayi, garai-garai, kana hango farin yashi a ƙasa kamar ba ruwa a kai. Ɗuminsa awo 31 ne a ma'aunin zafi, dare da rana, rani da damina, ba ya sauyawa. Mu kuwa cikin hunturu muka je, da asuba sanyi na kaɗa haƙori, amma da ka sa ƙafa sai ka ji kamar an surka maka. Babu itace, babu tukunya, babu wanda ya hura wuta. Na tsaya ina kallo, na ce wa yara, malaminku ya gaya muku a yi tafiya a dubi ikon Allah, to ga shi nan.

Na san abin da ke ran wasu iyaye a nan, wato cuɗanyar maza da mata a wurin wanka. Gaskiya ne da rana wurin na cika da baƙi iri-iri, kowa da irin shigarsa. Dabarar ita ce sammako. Bayan sallar Asuba muke sauka, babu kowa sai tsuntsaye, mata su shiga da suturarsu ta gefen da ba zurfi, ni da yara maza mu matsa can gaba. Kafin mutane su tashi mun gama. Ta wajen bakin dutsen ruwan ya sha kan mutum, don haka wanda bai iya iyo ba ya tsaya ta ƙasa.

Zagayen daji da motar wurin ake yi, tare da ɗan rakiya, safe ko yamma, ana bin gaɓar kogin Gaji inda namun ke zuwa shan ruwa. Mun ga gwambaza da mazo da kanki, mun ga garken ɓauna daga nesa, mun ga kada a kwance kan yashi, zabbin daji kuwa ba a magana. Giwa ba mu gan ta ba, sai sawunta da kashinta da rassan da ta kakkarya. Zaki kam sun yi ƙaranci sosai, kada wanda ya je da alkawarin zai nuna wa ɗansa zaki. Ɗan rakiyar ya ce da mun zo wajen Maris ko Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, ruwa ya ƙafe ko'ina sai a Gaji, da mun fi ganin namu. Mu kuwa hutun makaranta muka bi. A tafi da riga mai dogon hannu saboda tsando, cizonsa ba wasa.

Akwai kuma wasu koguna 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, ana kiransu da sunan Marshall, Baturen da ya yi bincike a kansu a 1980. Ana kyautata zaton mafaka ce ta zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi. A masauki kuma akwai ɗan ɗakin tarihi mai hauren giwa da fatu da bindigogi da tarkunan da aka ƙwace hannun mafarauta.

To amma ni ɗan kasuwa ne, garuruwan gefe sun ja hankalina kamar dajin. A Mainamaji mun zauna da wasu manoma a gindin bishiya, muka sha fura. Giwar da muka biya kuɗi muna nema ido rufe, su a gonarsu take kwana. Dare ɗaya garke zai share wa mutum dawar da ya yi wa wahalar damina guda. Giwayen Yankari suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a Nijeriya, masu farautar haure sun yi musu ɓarna a baya. A 2014 wata ƙungiyar kare namun daji ta Amurka, WCS, ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jiha don taimaka wa masu gadin dajin, har aka sa wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke. A nawa ganin, duk gadin da za a yi, in manomin da ke bakin daji bai ga amfanin giwa a aljihunsa ba, gaba ce kawai za ta yi ta ƙaruwa. Shi ya sa na ce wa yara duk abin da za mu saya mu saya a ƙauyukan nan, kuma ban ja ciniki ba kamar yadda na saba.

A Dindima mun tsaya kan gadar kogin Gongola, muka sayi kifi. Daga nan muka ƙarasa Alƙaleri, gaba kaɗan a hanyar Gombe. Can na kai ɗana babba inda ake awon hatsi, ya ga masara da wake da riɗi ana ɗurawa a buhu ana ɗinkewa. Yaron nan shekara nawa yana taya ni zama a Bodija, yana ƙirga buhu, bai taɓa ganin fuskar wanda ya noma abin da ke ciki ba. Na ce ya tambayi farashin mudu, ya haɗa da kuɗin dako da na mota da abin da ake karɓa a shingayen hanya, ya gaya mini nawa ya rage. Ya yi lissafi ya yi shiru. Tun daga ranar bai ƙara ce mini muna cin riba da yawa ba. Ya kuma ji mutane suna yarukan da bai taɓa ji ba, ban da Fulatanci, sai ya gane ashe Arewa ba Hausawa kaɗai ba ne.

A hanyar dawowa muka yi karin kumallo da masar Bauci, wadda kowa ya san sunan da ta yi, sannan muka ziyarci kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a watan Janairu na 1966. Yara sun san fuskarsa a jikin naira biyar kawai. Muka yi masa addu'a, aka nuna musu 'yan kayayyakin da ya bari.

Yanzu ga amsar mai tambaya. E, an kashe kuɗi, kuma mafi yawa man fetur ne ya cinye. Amma na auna da abin da muke kashewa a anko da kayan gara da liƙi a biki guda, wanda ba a kwana biyu an manta, na ga bai kai ba. Rumfa kuma ban rufe ba, ƙanena ya riƙe mako guda, ba abin da ya ɓace.

Shawarata ga shugabanni ita ce, yadda muke da asusun rasuwa da na jinya, a buɗe adashin tafiya. Gida huɗu ko biyar su haɗu su yi shatar bas guda, kuɗin mai ya rabu. A kira masaukin a kama ɗaki tun da wuri, domin lokacin Kirsimeti da Sallah wurin na cika. A kuma tuntuɓi 'yan'uwanmu direbobi masu bin hanyar Jos da Bauci, da mutanen Alƙaleri, a ji halin tsaro a makon da za a tashi, in ba daɗi a ɗaga. Wanda Yankari ta yi wa nisa, ga ruwan ɗumi na Ikogosi nan a Jihar Ekiti, a fara da shi. Duk mai so ya ba sakatare sunansa da adadin iyalinsa bayan an tashi, ni kuma ina nan bakin ƙofa ga mai sauran tambaya.