Amosanin Gaɓɓai: Gado Ne, Ko Ciwon Mata?

 Yau maganarmu a kan nau'in amosanin gaɓɓai ne da likitoci ke kira rumatoyid. Kada ku haɗa shi da ciwon gwiwa na tsufa. Shi wannan, garkuwar jiki ce take juyowa ta far wa gaɓɓan mai ita. Yakan fara daga yatsu da wuyan hannu, dama da hagu a tare. Mutum ya tashi da asuba hannu a sandare, sai ya yi kusan awa guda kafin ya iya riƙe buta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da shi, kuma kashi 70 cikin ɗari mata ne. To, me ya sa mata? Masana suna danganta abin da sinadaran jikin mace. Tun a 1938 wani likita a Amurka, Philip Hench, ya lura cewa ciwon yakan lafa idan mace ta samu juna biyu. Amma bayan haihuwa sau da yawa sai ya dawo da ƙarfinsa. A nan ne ake zaluntar mai jego, ku ji ana cewa ai sanyi ne ya shige ta don ta yi wasa da wankan jego. Ba ruwan wanka a ciki, 'yar'uwa.

Batun gado kuwa, akwai shi. Wanda mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ke da ciwon ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa. Ƙwayar gadon da ta fi tasiri ita ce HLA-DRB1, kuma wanda ya gaji nau'inta mai haɗari ta wajen uwa da uba duka, ciwon yakan fi cin gaɓɓansa. Sai dai ku duba tagwaye masu kama ɗaya: idan Hassana ta kamu, a mafi yawan lokuta Hussaina ba ta kamuwa, alhali gadonsu ɗaya ne. Ke nan gado shi kaɗai bai isa ba, sai wani abu ya tayar da shi. Babba daga ciki taba sigari ce. Maigida, kai ma ba ka tsira ba, musamman in kana busawa.

In kumburi da sandarewa sun wuce mako shida, a je asibiti a yi gwajin jini, don ƙashin da ya riga ya lalace ba ya komawa yadda yake. Ke kuma da ke neman haihuwa, ki faɗa wa likita tun kafin ya rubuta magani, domin methotrexate, wanda aka fi bayarwa, yana cutar da ɗan tayi.