Batir Huɗu, Kaya Ɗaya: Yadda Ake Ciyar da Kayan Volt 12 daga Tsarin Volt 48



Muna zaune a jihar da ta ɗauki madatsun wuta huɗu: Kainji tun 1968, Jebba, Shiroro mai megawat 600 da ke kusa da mu, ga kuma Zungeru mai megawat 700. Duk da haka, a unguwannin garin nan, daga Bosso zuwa Kpakungu, daga Tunga zuwa Chanchaga, rufin gidaje sai cika yake da farantan sola. Kowa ya zama mai tashar wutar kansa. Yanzu kuma abin ya bar gida ya hau mota: motar sayar da ƙanƙara, motar dakon ɗanyen kifi, motar asibitin tafi-da-gidanka, motar wa'azi mai lasifika. A Turai da Amurka akwai masu mayar da mota ɗakin kwana su zaga ƙasa da ita. Matsalarmu da su ɗaya ce. Batiran da aka ɗaura na volt 48 ne ko 24, amma firiza da famfon ruwa da fanka da amsa-kuwwa duk na volt 12 ne, domin a kan tsarin ƙaramar mota aka ƙera su.

Da farko, me ya sa ma ake ɗaga volt ɗin? Ku ɗauki volt a matsayin ƙarfin da ke tura ruwa cikin bututu, amfiya kuma yawan ruwan da ke wucewa. Idan ka ninka ɗaya da ɗaya, sai ka sami wat, wato aikin da za a yi. Kayan da ke cin wat 1,200 za su ja amfiya 100 a kan volt 12, amma amfiya 25 kawai za su ja a kan volt 48. Zafin da waya ke yi kuwa ba ya bin amfiya ƙafa da ƙafa, ninkin-ba-ninki yake tafiya. In ka rage amfiya zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, asarar da ke zama zafi a waya ɗaya za ta ragu sau 16. Wannan dalilin ne ya sa wutar Shiroro ke barin tasha a kan volt 330,000, a yi ta sauke ta a taransifoma har ta iso ɗakinka. Shi ne kuma ya sa turakun kamfanonin waya ke aiki da volt 48. Wanda ya ɗaura tsarin 48 a motarsa bai yi kuskure ba.

Kuskuren yana zuwa ne daga baya, kuma na gan shi fiye da yadda zan ƙirga. Batir huɗu ne aka jera, kowanne volt 12. Mai haɗi ya duba ya ce, ai ga 12 nan a kusa, sai ya jona firiza a kan batir guda. Direbobin manyan motoci masu volt 24 sun daɗe suna yin haka don rediyo. Ranar farko komai lafiya, firiza na sanyi, mai kaya ya biya yana godiya.

Ga abin da ke faruwa a ɓoye. Caji yana ratsa batiran huɗu daidai wa daida, domin hanya ɗaya ce. Amma ɗaya ne kaɗai ke ɗaukar kayan firiza. Kamar jakuna huɗu ne ake ba harawa kai ɗaya, a ɗora wa guda mangala, ukun su tafi haka. Wanda ake zuƙa ba ya taɓa cika, farantan dalmarsa su yi ta ƙeƙashewa. Sauran ukun kuma caji ya yi musu yawa, ruwansu ya riƙa tafasa yana ƙafewa. Wani mai sayar da kifi ya kawo mini motarsa da wannan ciwon: batir ɗaya ya mutu, biyu sun kumbura. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ya ɗauka jabu aka sayar masa. Batiran da lafiyarsu ƙalau ya sayo su, haɗin ne ya kashe su, kuma kuɗin da ya zuba a cikinsu bashi ya ci.

Maganin na'ura ce ƙarama da muke kira kwambata. Tana ɗaukar wuta daga batiran huɗu gaba ɗaya, ta sauke ta zuwa volt 12, don haka nauyin ya rabu daidai. Sai dai a kula wajen saye. Tsarin da muke kira 48 ba ya tsayawa a 48. Batirin lithiyam mai ɗaki 16 yana kan volt 51.2, kuma idan yana caji yakan kai wajen 58. Kwambatar da ba ta jure volt 60 ba, kada ta shiga motarka. Haka nan kwamfireson firiza da famfo suna jan wuta fiye da kima a lokacin tashi, saboda haka kada a auna kwambata da abin da firiza ke ci yana cikin tafiya. A bar mata sarari.

Wurin ajiye ta ma yana da muhimmanci. Bari volt 48 ya yi doguwar tafiyar, a sauke shi a bakin kayan, don wayar da ke ɗauke da amfiya mai yawa ta zama gajera kuma mai kauri. A kuma kankare wayar a gani kafin a biya, saboda akwai alminiyam da ake shafa wa launin jan ƙarfe. Kaya masu nauyi sosai kuwa, irin su dutsen guga da hita, ra'ayina shi ne kada a bi da su ta volt 12 sam. A sa inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, ta ɗauka kai tsaye daga 48.

Sai maganar da nake so ku fita da ita ko kun manta saura: fis. A ɗaura shi dab da batir, kafin waya ta yi nisa. Batir ba ya jan birki. In wayoyi suka haɗu, zai zuba ɗaruruwan amfiya nan take, roba ta narke, mota ta kama. Kuma in bireka za a saka, ta gida ba ta dace ba. Wutar gida tana komawa sifili sau 100 a daƙiƙa, shi ya sa tartsatsinta ke mutuwa da kansa. Wutar batir ba ta komawa sifili, tartsatsin zai iya ci gaba da ci bayan an kashe. A nemi wadda aka rubuta DC a jikinta, wato ta wutar batir, da volt ɗin da ya kai na tsarin.

Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano da Bosso, wannan lissafin kun san shi tun aji ɗaya. Oga mai shago a Kasuwar Kure kuma ya fi ku sanin abin da ke ƙonewa da abin da ke jurewa. Ina roƙonku ku je ku zauna da shi, ku koya, ku koyar. Ku kuma iyayen gidana masu haɗi, idan mai kaya ya ce kwambata ta yi tsada, ku gaya masa kuɗin batir huɗu, sannan ku ƙi jona masa a kan guda.

Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu daga gobara.