Jawabin likita: maƙoƙon da ke ramar da mutum



Yau zan yi muku magana bisa wani ɗan nama da ke gaban wuyan kowa, ƙarƙashin maƙogwaro. Likitoci suna ce mishi tiroyid. Shi ke zuba wani sinadari cikin jini, wanda ke daidaita saurin aikin jiki. In ya kumbura, shi ne maƙoƙo.

Kun san maƙoƙon da rashin iyod ke kawowa. Gishiri mai iyod yana tsare mu daga gare shi. Amma akwai wani iri daban: naman ya yi aiki fiye da kima. Sai jiki ya zama kamar murhun da aka cika wa itace. Wannan iri, gishiri ba ya maganin shi.

Ga alamominshi. Mutum yana ci sosai, amma yana ramewa. Zuciya tana bugawa da sauri ko yana zaune. Hannuwa suna rawa. Yana zufa ko lokacin ɗari. Barci ya ƙi, fushi ya yi yawa. Wani idanunshi su firfito. Ya fi kama mata, kuma haila takan ragu.

Sau da yawa akan ce iskoki ne ko sammu. Ana ta yawon magani, zuciya tana gajiya. Mace mai ciki tana iya yin ɓari.

Wanda ya ga alamomin nan, ya tafi gidan likita. Za a tura shi babban asibiti, kamar na Yamai ko Damagaram, a auna jininshi. Bisa takardar awo ku duba suna biyu: TSH da T4. TSH saƙo ne daga ƙwaƙwalwa, mai ce wa naman wuya ya yi aiki. T4 shi ne sinadarin da naman ke zubawa. In T4 ya hau, TSH ya sauka, aikin ya yi yawa. In T4 ya sauka, TSH ya hau, aikin ya kasa. Likita ne zai yanke magana.

Akwai magani. Ƙwayoyi ne da akan sha wata 12 zuwa 18. Wasu sai an yi musu aiki. Kada ku bar shan magani don kun ji sauƙi. In zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka kama mai shan shi, ya dakata, ya koma wurin likita ran nan.

Ku da kuka iya karatu, ku karanta wa maƙwabtanku. Allah ya ba mu lafiya.