Rage Jiran Mai Kaya a Sana'o'in Aikin Sautu



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne aikin da ba a fara shi sai mai kaya ya zo ya faɗi yadda yake so, watau irin aikin tela da kafinta da maƙeri. Kowa a nan ya san wanda ya kai yadi tun farkon azumi, amma ya je Idi da tsohuwar riga. Mukan ce tela ba ya cika alkawari. Ni kuwa ina ganin laifin ya fi rataya a kan tsarin aiki.

A 1961 wani masani ɗan Amurka, John Little, ya tabbatar da wata ƙa'ida ta lissafi: tsawon jira daidai yake da yawan aikin da ke hannu idan an raba shi da abin da ake gamawa kullum. Alal misali, shagon da ya karɓi riguna 60 alhali 3 yake gamawa a rana, to mai rigar ƙarshe sai ya jira kwana 20, ko da ɗinkin rigarsa bai wuce wuni guda ba. Ashe mafi yawan lokacin, a ajiye yadin yake.

Magani na farko ke nan: kada a karɓi aikin da ya fi ƙarfin shago, don taura biyu ba ta taunuwa.

Na biyu, a gano inda aiki yake cushewa, kamar yadda Eliyahu Goldratt ya bayyana a littafinsa The Goal na 1984. In masu keke huɗu ne, mai surfani kuwa ɗaya, sayen keke na biyar asarar kuɗi ne kawai. Wajen surfanin ya kamata a ƙara hannu, a kuma ɗauke masa aike da guga.

Na uku shi ne wanda ya fi yi wa masu gida ɗaci, watau barin sarari. Lissafin layin jira ya nuna cewa, inda aiki ke zuwa ba bisa tsari ba, ma'aikacin da aka cika wa kashi 90 cikin 100 na lokacinsa, jiran da ake yi masa ya ninka na mai kashi 80 fiye da sau biyu.

Ma'aikatan gwamnati da ke nan, ku dubi fayilolin da ke kan teburanku da wannan ido. Su ma yadin mutane ne.

Allah ya sa mu dace.