Amsa Ga Mai Sauraro: Tsohon Gida A Gyaɗi-Gyaɗi Ko Awon Igiya A Bayan Gari?

 

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga hannun wani dattijo, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga ƙasar Ɗambatta, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa saboda maganar ta shafi dukiya. Mun kuwa sakaya. Ya ce yana da yara uku da ke karatu a Kano, shi kansa ba ya yin mako biyu bai shigo kasuwar Dawanau ba, kuma ya gaji da biyan haya da kwana a ɗakin mutane. To wani dillali ya nuna masa tsohon gida a Gyaɗi-Gyaɗi, ya kuma kai shi can bayan gari ya nuna masa fili, awon igiya. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, gidan nan ko fenti babu, rufinsa ma yana yoyo, amma kuɗinsa sai ya sayi irin wancan fili da dama. Kuma abin da ke hannunsa ba zai kai ba sai ya haɗa da sayar da fadamarsa. Shi ne yake tambaya, me ya kawo wannan tsada, yaya zaman irin waɗannan unguwanni yake, kuma wanne ya kamata ya ɗauka?

To Alhaji, Allah ya ƙara girma, mun gode da wannan wasiƙa. Bari mu ɗauki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Da farko dai, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Hausawa da Unguwa Uku da Hotoro, duk a wajen ganuwa suke. Dattawan Kano suna iya tuna lokacin da yawancin wuraren nan gonaki ne da 'yan ƙauyuka. Abin da ya sauya su shi ne, da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, cikin birni kuwa ba wurin faɗaɗawa. A farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka buɗe gidan namun daji, wanda titin Gidan Zu ya samo suna daga gare shi. Daga baya aka gina rukunin gidajen Kundila, sannan a 1988 aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke kan titin Zariya. A 2014 kuma aka buɗe babban kantin nan na Ado Bayero a titin Gidan Zu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da ya sauka, sai darajar ƙasar da ke kewaye da shi ta ɗaga. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Jihar Kano sun haura miliyan 9, kuma babban kaso nasu a cikin birni da kewayensa suke. Mutane suna ƙaruwa, ƙasar Gyaɗi-Gyaɗi kuwa tana nan yadda take.

Saboda haka Alhaji, kuɗin da dillali ya gaya maka, mafi yawansa na ƙasar ne da abin da ke kewaye da ita. Kai manomi ne, ka san fadamar da ke bakin ruwa kusa da hanyar mota ba ta zama kuɗi ɗaya da jigawar da ke can cikin daji, ko da faɗinsu ɗaya. Haka gida yake. Kwalta da magudanar ruwa da turakun lantarki, asibiti da makaranta da kasuwa da masallacin Juma'a, da a-daidaita-sahun da za ka samu a bakin titi in ciwo ya tashi, duk suna cikin kuɗin. Shi ya sa za ka ga mutum ya sayi tsohon gida da tsada, washegari ya sa an rushe shi ya ɗora sabo. Shi dama ƙasar ya zo saye.

Sai kuma tsadar kayan gini. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na wannan shekara, kayan gini suka yi tashin gwauron zabi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Wannan ya sa ko da ginin tsoho ne, muddin bulo ne mai ƙwari, mai shi zai lissafa abin da za a kashe a yi irinsa yau. To wannan lissafin kai ma ya shafe ka in ka ɗauki fili, domin araharsa a ranar saye take ƙarewa. Bayan nan akwai bulo da rodi da kwano da katako, da haƙa rijiya ko burtsatse, da sayen turaku da waya in kana son wuta, wani lokaci har da haɗa kuɗi da maƙwabta a zuba marmara a hanya.

Yanzu sai batun zama. Tsohuwar unguwa tana da abin da kuɗi ba sa saye a sabuwa, watau an san juna. Akwai mai unguwa, akwai limami, akwai dattawan majalisa da ke zama a ƙofar gida bayan la'asar, kuma baƙon ido ba ya wucewa ba a lura da shi ba. In yaronka ya fara bin abokan banza, akwai mai tsawata masa, akwai mai aiko maka da saƙo har Ɗambatta. Ga wanda zai bar yara a birni ya koma ƙauye da damina, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai Islamiyya, akwai mai shayi, mai kanti, mai faci da mai gyaran famfo, duk a tafiyar ƙafa.

Amma fa kada in rufe ka, akwai nata wahalhalu. Lunguna sun matse, wani gidan mota ba ta isa ƙofarsa, balle a ce motar hatsi. Kwatoci suna cikewa da leda, in aka yi ruwa mai ƙarfi sai ka ga ya shiga zaure. Ruwan famfo a wurare da yawa sai an dogara da 'yan garuwa. Ga ƙarar janareto da injin niƙa, ga shara. Sannan kai da ka saba da fili, ka ɗaure shanu da tumaki, ka kafa rumbu a tsakar gida, to a nan ko akuya biyu ka ɗaure sai maƙwabci ya yi magana. Kuma zaman birni zaman kuɗi ne: ruwa saye, itace saye, ga kuɗin 'yan sintiri da na kwashe shara duk wata. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai kuma abin da na lura da shi a wasiƙarka wanda dillali bai gaya maka ba. Kai harkarka a Dawanau take, a kan titin Katsina, arewa da birni, kuma ta wannan ɓangaren kake shigowa daga Ɗambatta. Gyaɗi-Gyaɗi kuwa tana kudu, ta titin Zariya. Ke nan duk ranar kasuwa sai ka ratsa gari gaba ɗaya, zuwa da dawowa, da kuɗin motar yanzu. Me zai hana ka duba tsofaffin unguwannin da ke ɓangarenka, irin su Kurna da Rijiyar Lemo da Gwammaja? In kuwa yaran a Jami'ar Bayero suke, to ga Kabuga da Ɗorayi da Rijiyar Zaki. Gidan da ya yi wa likitan asibitin koyarwa daidai, ba lalle ne ya yi wa ɗan kasuwar hatsi daidai ba.

To mu zo kan takardu, domin a nan mutanenmu na karkara suka fi shan kashi. Tun daga Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, ƙasar da ke cikin kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙewa shi ne izinin zama, kuma takardar shaidarsa ita ce wadda aka fi sani da Si-of-O, wadda ga gidan zama yawanci ta shekara 99 ce. Dokar ta ce in za a sayar da gida mai irin wannan takarda, sai an nemi amincewar gwamna. Har ila yau gwamnati tana iya karɓe wuri domin amfanin jama'a, kamar hanya ko makaranta, kuma a nan ne mai takarda yake da bakin neman diyya fiye da wanda ba shi da ita. Ko mai takardar ma sai ya duba asalin wurin. Kun dai ji yadda a watan Yuni na 2023 gwamnatin Jihar Kano ta rushe gine-gine a wurare irin su Filin Idi da tsohon otal ɗin Daura, a'a, na ce otal ɗin Daula, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne, magana har gaban kotu. Saboda haka duk wurin da aka ce maka da makaranta ne, ko maƙabarta, ko jikin ganuwa, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ka yi nesa da shi komai araharsa.

Shi awon igiya, masu gona ne suke yanka ta da kansu su sayar, ba tare da hukumar tsara birni ta fitar da hanyoyi da magudanan ruwa ba. Ba a ce duk awon igiya haramun ne ba, unguwanni da yawa da haka suka fara. Amma a nan ake sayar wa mutum biyu fili ɗaya, a nan kuma ake wayar gari a ga hanya ta bi ta tsakiyar ɗakin mutum. Ni mai maganar nan ya taɓa ci na. Ina koyarwa a firamare kafin in shigo aikin rediyo, na tara ɗan adashina na sayi fili da rani, wuri fes, shimfiɗe kamar tabarma. Da watan Agusta ya kama na je dubawa, sai na tarar da yara suna kamun kifi a ciki. Ashe tsohon kududdufi ne aka cike da shara aka rufe da ƙasa. Da ƙyar na sayar da shi a kan rabin abin da na biya.

Shi kuma tsohon gida, babban tarkonsa gado ne. Sau da yawa wanda ya gina shi ya rasu, magada sun kai goma sha, ɗaya ko biyu ne suke son sayarwa. Ka biya kuɗi, bayan wata shida wata 'yar marigayin da ke aure a wani gari ta zo ta ce ba da yawunta ba. A fiƙihun Malikiyya kuma, in ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa, sauran suna da haƙƙin shufu'a, watau su biya kuɗin su karɓe. Don haka ka nemi takardar rabon gado daga kotu, kuma kowane magaji ko wakilinsa ya sa hannu.

Ga abin da nake ba ka shawara ka yi kafin ka fitar da ko kwabo. Ka je unguwar sau uku ba tare da dillali ba: da safe, da dare, da kuma ranar da aka yi ruwan sama. Ka duba gindin bango, in ka ga alamar danshi ko gishiri ya ci siminti, ka san ruwa yana kwana a wurin. Ka yi salla a masallacin layin, ka gaisa da liman da mai unguwa, ka tambayi dalilin sayar da gidan. Larabawa suna cewa a nemi maƙwabci kafin gida. Ka kai lambar takardar ofishin ƙasa da safiyo a bincika maka ko sunan mai sayarwa ne a kai, ko kuma an jinginar da ita a banki. Ka tambayi bashin wuta da na harajin ƙasa. Ka ɗauki maginin da ka yarda da shi ya ƙiyasta maka kuɗin gyara. A yanke la'adar dillali tun kafin ciniki ya faɗa. A biya ta banki, a rubuta yarjejeniya a gaban lauya da shaidu. Kuɗin lauya bai kai kuɗin shari'a ba.

Saura maganar fadama, kuma ita ce ta fi damuna. Za a ce maka gida ba ya faɗuwa, kullum tashi yake. A lissafin naira haka ne. Amma kai ɗan hatsi ne, ka yi lissafin da buhu: buhun masara nawa gidan zai ci yau, kuma buhu nawa irinsa ya ci shekara goma da suka wuce? Nan za ka gane ko gidan ne ya tashi ko nairar ce ta faɗi. Sannan gidan da iyalinka ke ciki ba ya kawo maka ko sisi, sai dai ya ci gyara. Fadama kuwa ita ke biyan kuɗin makarantar yaran da kake son saya wa gidan. In ka sayar da ita, da me za ka riƙe su a birni? Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma sai ya yi dubu bai fito ba.

Saboda haka Alhaji, in ka ji tawa, ka bar fadamarka. Ka kama haya shekara ɗaya a unguwar da ranka ya kwanta da ita, ka ga daminarta da raninta, ka san mutanenta su san ka. Sau da yawa gidan kirki a tsohuwar unguwa ba ya kaiwa hannun dillali, a majalisa ake jin labarinsa. In abin hannunka ya isa ƙaramin gida mai takarda mai kyau a ɓangaren titin Katsina, to ka saya. In bai isa ba, ka nemi fili a wurin da hukuma ta tsara, ka riƙa ɗora bulo kaka bayan kaka. Ka kuma yi shawara da manyan 'ya'yanka da iyayensu mata, tun da su ne za su zauna a ciki.

Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya sa yaran su gama karatu lafiya. Jama'a, duk mai tambaya ya aiko mana da wasiƙarsa, ya rubuta sunan garinsu da kyau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.